Kar a Zagar Min Shi

Mayafinta kawai na kai hannu zan gyara, sai tsohuwar nan ta zabura ta kare kanta da hannu biyu.

Jiya ne a Tarai, muna bi gida-gida muna wayar wa tsofaffi kai kan cin zarafi.

Na ce, "Iya, wa ke dukanki?"

Tana kallon tabarma ta ce, "Ba duka ba ne, 'yar nan. Hannuna ke rawa ina zubar da koko, shi ne ran ɗana yake ɓaci." Sai ta riƙo hannuna. "Don Allah ki rufa mana asiri, kar a zagar min shi a gari."

Ita ake duka, ita ke kare shi.

Jama'a, mu da muke jiyowa ta katanga mu yi shiru, rufin asiri muke yi ko taya zalunci?