Farfesa Hamdiyya, Mai Leƙen Bakin Yara

Tun kafin masu nono su gama sauke ƙorensu a bakin titi, za ka ga wata dattijuwa mai farin gilashi ta sauko daga bas a Tudun Wada, da 'yar jaka a kafaɗa. Ba wani abu a jakar sai tocila, da safar hannu, da ɗan madubi mai mariƙi, da ƙananan kwalabe na ɗibar yawu. Daga nan sai ta hau acaɓa zuwa ƙauyen da za ta yini. Ta gaida mai gari, ta gaida dattawa, a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, sannan ta ce a kawo mata yara. Kowane yaro sai ta yi masa wasa tukuna, ta ɗaga leɓensa, ta haska. Mutanen Kiru da Bebeji da Doguwa sun fi saninta da Mai Leƙen Baki. Kaɗan ne cikinsu suka san cewa ita ce Farfesa Hamdiyya Zakari Dangora, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a jami'a cikin watan nan.

'Yar Dangora ce, 'yar manomi. Ta karanta aikin haƙori, ta kuma zaɓi ɓangaren da ɗalibai ba su cika so ba, wato ciwon dasashi. Shekarunta na farko a ɗakin gwaje-gwaje ta yi su a Kano, tana nazarin ƙwayoyin cutar da ke taruwa a gindin haƙori, su sa jini, su ci ƙashi a hankali har haƙorin babban mutum ya fara girgiɗi ba tare da ya taɓa yi masa zafi ba. Ta yi rubuce-rubuce kan yadda wannan ciwo ke tafiya tare da ciwon suga. Aikin yana yi mata daɗi, kuma a zatonta ta san iyakar ɓarnar da dasashi zai iya yi wa ɗan Adam.

Wata ranar kasuwa ce a Doguwa ta rushe mata wannan zato. Ta je duba bakin manya ne don bincikenta, sai ga wata Bafillatana mai tallan nono, Furera, da goyo lulluɓe da zane har ka. Warin ne ya riga su isowa. Da aka kwance goyon, sai Hamdiyya ta ga yarinya 'yar yaye, Husna, kuncinta na hagu ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, tsakiyarsa ya ɓurme, ana hango haƙora ta waje. Ta san ciwon, likitoci suna kiransa noma, sunan da ba ruwansa da noman gona. Amma a hoton littafi kaɗai ta taɓa ganinsa, ita ma kuma haka take koya wa ɗalibanta, a matsayin abin da da wuya su ci karo da shi.

Furera ta ba ta labarin cewa ƙyanda yarinyar ta yi, ta rame, sai dasashinta ya fara jini, baki ya fara wari. Suka ɗauka fitar haƙori ce, suka ba ta jiƙo, suka yi mata hayaƙi. Kafin kasuwa ta zagayo kunci ya zama haka. Hamdiyya ta tambaye ta ko ta taɓa ganin irinsa.

"Likita, ai shi ne ya ci mana yara biyu a ruga," in ji Furera. "Sai ƙanen mai gidanmu, Mudassir. Shi dai bai mutu ba."

Yadda ta faɗi maganar ƙarshen nan, kamar rayuwar ce ta fi zama abin jaje, shi ya hana Hamdiyya sukuni. A ranar ta bar aikin da ya kawo ta, ta ɗauki uwa da 'ya zuwa asibiti, aka sa wa yarinyar ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da ta ga numfashin Husna ya daidaita, sai ta nemi a kai ta rugar.

Ta sami Mudassir a bayan bukka, magidanci a shekaru, ya naɗe fuskarsa da rawani sai idanu. Da ƙyar ya yarda ya kwance. Rabin leɓensa da gefen hancinsa babu, muƙamuƙinsa ya kulle tun yana yaro, kunu da fura kaɗai ke wucewa. Bai taɓa cin abinci a gaban mutane ba. Bai taɓa shiga sahun Juma'a ba. Shanu yake bi inda ba kowa, ya dawo bayan an watse. Da ta yi masa bayanin ciwon, sai ya tambaya da muryarsa da ba ta fita sosai:

"Ashe yana da suna? Na zaci ni kaɗai aka yi wa."

Hamdiyya ta kamo hanyar komawa titi. Abin da ke cin ranta shi ne, wannan ruga ba ta da wani nisa da garin da aka haife ta, amma ta yi shekaru tana nazarin dasashi ba ta san da mutumin nan ba.

Daga nan ta juya akalar bincikenta. Abokan aikinta sun yi mamaki, wasu suka ba ta shawarar ta tsaya kan abin da ta riga ta yi suna a kai. Ta yi musu godiya, ta ci gaba da hawa bas. Ta bi ƙauyukan Bebeji da Kiru, ta hau tuddan Riruwai wajen masu haƙar kuza, ta shiga rugage da damina ruwa har gwiwa. Duk inda ta je sai an ce mata babu mai irin wannan ciwo, sai ta zauna an saba, sannan wata tsohuwa ta ja ta gefe ta nuna mata ɗakin da aka ɓoye yaro mai ciwon.

Abin da ta gano ya fi abin da ta gani tayar da hankali. Kusan duk yaran nan sun bi ta hannun wani kafin kuncinsu ya ɓurme. An kai su kemis, an kai su awo, ungozoma ta ɗauke su, an taɓa goshi, an duba ido, amma ba wanda ya buɗe baki. Alhali farkon abin ciwon dasashi ne, jini da wari a bakin yaron da cuta ko yunwa ta raunana. A wannan mataki, maganin da ke kowane ƙaramin asibiti, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki irin su ƙwai da wake da nono, sukan isa su tare shi.

Ranar da ta yi wa Furera wannan bayani, sai matar ta tambaye ta:

"Wato da na kawo ta tun tana jinin nan, da kuncinta na nan?"

Hamdiyya ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Mai yiwuwa, 'yar'uwa. Amma ba wanda ya taɓa gaya miki, kuma ba laifinki ba ne."

Husna ta rayu, da tabo a kunci, yanzu tana makaranta. Shi kuwa Mudassir, Hamdiyya ta yi ta zirga-zirga har aka kai shi Sakkwato, inda ake gyaran irin wannan fuska. An yi masa aiki fiye da sau ɗaya kafin bakinsa ya buɗe. Ranar da ya fara shiga masallacin Juma'a, mutanen da suka girma kusa da rugarsu suka riƙa tambayar juna ko baƙo ne.

Farfesa, ke ce kika sauko daga bene kika zauna a tabarma. Ke ce kika tara ungozomomi da masu kemis da ma'aikatan rigakafi, kika kama hannunsu kika nuna musu yadda ake ɗaga leɓen yaro ba tare da ya firgita ba. Ke ce kika rubuta abin da kika gano da Turanci don masana, sannan kika dawo kika faɗe shi da Hausa a tsakar gida, aka fassara miki da Fulatanci a ruga. Ɗaliban da suka fito ta hannunki suna asibitoci yau, kuma ba sa sallamar yaro mai zazzaɓi sai sun leƙa bakinsa. Uwar marasa murya, ba wanda zai iya ƙidaya yaran da kika ceta, domin waɗanda kika tarar da wuri sun tashi da fuskarsu lafiya lau, ba su ma san abin da ya kusa samunsu ba.

Ga shi kin ajiye aiki shiru, ba taro ba sanarwa. Da labarin ya isa ƙauyuka, mata suka riƙa riƙe baki, don ba su taɓa kawowa a ransu cewa ke ma kina da ranar tsayawa ba. Mun gode, Farfesa. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa abin da kika yi ya tarar da ke a mizani.

Sauran aikin namu ne. Ku matasan da kuka yi karatu, ku tambayi tsofaffin garinku abin da ake ɓoyewa a ɗakuna, akwai binciken da ke jiranku a can. Ku kuma iyaye, in yaro ya tashi daga ciwo kuka ji bakinsa ya canza wari, kada ku jira kasuwa ta zagayo. Ku ɗauke shi a ranar.