Ƙwaryar Gwaggo a Kan Ruwa

Jiya da la'asar, a gidanmu na unguwar Shifa a Riyad, jikanyata Hanan ta nuna mini wasu mawaƙa a waya, mutanen Galisiya, can ƙasar Sifen. Ta ce tun farkonsu ƙauye-ƙauye suke bi, suna karɓar waƙa daga bakin tsofaffin mata, su haɗa da kiɗan jita, har duniya ta san su.

Ta kira ni da "Jadda", wato kaka da Larabci, ta ce, "Ni da ƙawayena haka za mu yi. Ba ni waƙar gidanku."

Sai Gwaggo ta faɗo mini a rai, ƙanwar mahaifina. Ranar suna takan kifa ƙwarya a kan ruwa, ta ci ɗamara da ɗankwali, ta yi ta bugu da ludayi. Ruwan na fantsamo mana a fuska, ita kuwa tana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Wata rana ta kama hannuna ta ɗora a ƙwaryar, ta ce, "Waƙa wutar maƙwabta ce, 'yar nan. Wadda ta ɗebo, ita ke hurawa."

To, na buɗe baki. Baiti ɗaya ya fito, sauran suka ƙi. Duk zamana a Riyad ban hura ba, ashe toka nake riƙe da ita.

"Shi ke nan, Jadda?"

Na kasa kallon idonta. Na je na kifa roba a bokitin ruwa, hannu ya tuna abin da baki ya manta. Kiɗan kaɗai ta ɗauka a wayarta.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Ya sa a garinmu akwai wadda wutarta ba ta mutu ba, yarinyar nan ta je ta ɗebo.