Zanen Matar Yayana

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har sunayen wasu abokan karatuna sun shige mini duhu. Amma akwai kwana uku a damunar wata shekara, cikin shekarun tamanin, waɗanda har in koma ga Mahaliccina ba za su bar raina ba. Yanzu in na ba jikokina labarin dariya suke yi. Ni kuwa har yau ban taɓa taya su ba.

Lokacin ina ɗalibi a kwalejin horon malamai a Sakkwato, na dawo gida Illela babban hutu. Al'adarmu ce mu ɗaliban garin, in hutun damina ya haɗa mu, mu shirya wa jama'a wasa a filin firamare bayan la'asar. Masu hannu su manna hotunan da suka zana a bangon aji, a jera ƙore masu ado a kan tebur, a ɗauko mai kalangu ya ɗumama wuri. Amma duk wannan share fage ne, wasan kwaikwayo mutane ke zuwa kallo.

Matsalarmu kullum ita ce mace. A wancan zamani babu uban da zai bar 'yarsa ta tsaya gaban maza tana wasa, don haka namiji ke ɗaura zane ya rufe fuska da gyale. A shekarar, wanda ya saba yi mana bai zo hutu ba, sai idanu suka dawo kaina. Ga ni siriri, ba gemu, murya kuma kamar ta ɗan tsako. Na yi ta ƙi, suka yi ta zuga ni, ni kuma Allah ya yi ni da son a ce na iya. Na yarda bisa sharaɗi ɗaya, kada kowa ya san ni ne. Baba magatakarda ne a ofishin ƙaramar hukuma, mutum mai tsare gida da tsare mutunci. Wasan kwaikwayon kansa shashanci yake kiransa, balle a ce ɗansa ne da zane a ƙugu. Abokaina suka rantse mini ba mai faɗa.

Wasan na ban dariya ne. Lokacin an rufe iyakar ƙasa, kowa a Illela ya san dabarun da ake yi a tsallako da kaya. Ni ne na fito a matsayin matar da ta ɗaure sabulai a ciki ta ce juna biyu gare ta, sai da ta zo daidai shingen masu binciken kaya cikin ya zube ƙasa.

To, saura zane. A gidanmu akwai matar yayana, shekararta ɗaya da 'yan watanni da tarewa. 'Yar wani ɗan kasuwa ce a Amarawa, mai fatauci zuwa Ƙonni. Ranar wasan ta nemi izinin mijinta ta tafi gaida gwaggonta a wata unguwa. Tana fita na faɗa ɗakinta, na buɗe kwalla, na ɗauki zanen da ke sama da gyalensa. Kore ne mai tsuntsaye ruwan ɗorawa. A raina aro ne na ɗan lokaci, in mayar kafin magariba.

Ga inda wautar take. Ni a wurina zane zane ne. Ban san mata sun san zanen junansu kamar yadda samari suka san babur ɗin juna ba. Wannan atamfa mahaifinta ya kawo mata daga can ƙetare kafin a rufe iyaka, turmi ɗaya tak, kuma babu irinta a duk garin. Ta sa ta ranar wani suna, matan Illela suka yi mako suna zancenta. Ni duk ban san wannan ba, ina can ina haddace darasi.

Da na fito fili tsoro ya kama ni. Amma da na ji dariyar farko sai tsoro ya gudu, kaina ya kumbura. Na rasa tafiyar macen da zan kwaikwaya, sai na ɗauko wadda nake gani kullum a tsakar gida. Matar yayana tana da wata 'yar rangwaɗa, tana riƙe bakin gyale da hannun hagu. Na yi ta tsaf. Da sabulan suka zube mutane har da faɗuwa daga benci, mai kalangu ya saki kiɗa, ni kuma na manta ɗan wane ne ni na taka rawa. Can baya, gindin darbejiya, tsofaffin mata da 'yan talla suna tsaye. Ba sa jin murya daga can, zane da tafiya kawai suke gani.

Na riga ta dawowa gida, na naɗe zanen na mayar. Na kwanta ina jin babu gwani kamata a ƙasar Sakkwato.

Washegari da hantsi wata maƙwabciya ta shigo wurin Inna, mahaifiyarmu, suka shige ɗaki suna ƙus-ƙus. Inna ta fito fuskarta ba daɗi. Kafin azahar magana ta kai wa Yaya a wurin aikinsa, wai an ga matarsa a filin firamare tana rawa gaban maza. Yaya mutumin kirki ne, amma zuciyarsa a kusa take, kuma ba abin da ya tsana kamar a yi masa dariya. Ya aika gidan gwaggon a tambaya. Aka dawo aka ce gwaggo ba ta ma gari jiya, ta tafi ta'aziyya Kalmalo.

Ina zaune a tsakar gida da kwanon fura lokacin da ya shiga ɗakinta. Duk abin da suka faɗa a kunnena.

"Ina kika tahi jiya?"

"Gidan Gwaggo, kamar yadda nac ce maka. Na iske ba ta nan, na zamna jiranta har rana ta yi sanyi."

"Wa yag gane ki can?"

"Ba kowa gidan. Mi yah hwaru?"

Sai na ji ƙarar murfin kwalla. Ya fito da zanen bakin ƙofa ya warware shi a haske. Ga jar ƙasar filin makaranta a gefensa, ga tabon sabulu a tsakiya. Ta tsaya tana kallon zanen, sannan ta ɗago ta dubi tsakar gida. Ni dai na sunkuyar da kai cikin kwanon fura.

"Tahi gidanku," in ji Yaya, "sai na neme ki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta bar zanen yashe a kan gado. Kalma biyu kawai ake bukata daga bakina a lokacin, amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure shi da dutse. Abin da nake hangowa shi ne fuskar Baba, da sunan da samarin gari za su laƙa mini har in mutu.

Na shiga lallashin kaina. Na ce ai fushin Yaya na ɗan lokaci ne, gobe zai huce. Na ce ai cikin abokaina wani zai yi suɓul da baka, magana ta fito ba ta bakina ba. Su kuwa 'yan amana, sun riƙe rantsuwarsu gam, abin da ban taɓa ganin sun yi ba sai a wannan karo. Shugaban wasanmu ya same ni bayan masallaci ya ce, "Kai, wagga magana ta wuce wasa. Ko ka hwaɗi, ko ka sake mu mu hwaɗi." Na ce ya ba ni zuwa gobe. Goben ta zo na sake cewa gobe.

Abinci ya ƙi shiga. In an yi sallama gabana ya faɗi, in Baba ya yi gyaran murya in zabura. Inna ta ɗauka zazzaɓin damina ne, ta dafa mini ganye. Tana miƙo mini ƙoƙon ta ce, kamar da kanta take magana, "Allah shi kyauta. Yarinya mai ladabi, ga ta da ƙaramin ciki." Ban san da cikin ba sai a lokacin. Ni na ɗaura na sabulu mutane suka yi dariya, ita mai na gaskiya tana can gidan ubanta ana nuna ta da baki. Na sha maganin, ɗacinsa ko kaɗan ban ji ba.

Rana ta uku mahaifinta ya aiko daga Amarawa. Ya ce shi bai haifi 'yar rawa ba, in akwai shaida a kawo, in kuma an gaji da ita a aiko mata da takardarta. Bayan azahar Baba ya kira Yaya zaure. Ina raɓe a bayan ƙofa ina jin Baba yana cewa a yi haƙuri a bincika, Yaya yana cewa shi ba ya iya fita gari, duk inda ya bi ana ƙyafta ido. Can sai Yaya ya ɗaga murya ya kira ni.

"Kai ɗan makaranta, ɗauko min takarda da biro."

Na shiga cikin gida. Na ɗauki littafina na yago takarda, ta yage a karkace. Na tsaya ina kallonta. Wato da takardata da birona za a kashe auren da ni na jefa cikin rami. Ban san lokacin da na ajiye su ba. Na shiga ɗakinta na ɗauko zanen, na koma zaure na durƙusa.

"Baba, ni na. Ni nis sa shi. Ni anka gani hilin makaranta."

Yaya ya ce ƙarya nake yi, Inna ce ta turo ni in rufa wa yarinyar asiri. Baba ya daɗe yana dubana ta saman tabarau. Shi mutumin ofis ne, ba ya karɓar magana sai da shaida.

"Tashi ka ɗamra mu gani," in ji shi.

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na miƙe na ɗaura zane a gaban ubana, na yafa gyale, na kama bakinsa da hannun hagu. Ya ce in taka. Na taka daga bakin ƙofa zuwa bango, tafiyar nan da ta kwantar da mutane da dariya kwana uku da suka wuce. A zauren ba wanda ya ko murmusa. Na ga Yaya ya dafe kai da hannu biyu, don ya gane tafiyar matarsa.

"Ya isa," in ji Baba.

Na jira mari, bai zo ba. Da ma ya zo, da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in kwance zanen in naɗe, in bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya in gaya wa matan da bakina, sannan ni da Yaya mu kama hanyar Amarawa kafin la'asar. Game da wasan kwaikwayo da ɗaura zane, abin da na kwana uku ina jin tsoro, ko kalma ɗaya bai ce ba. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne, "Ranar da tat tahi, kana ina?" Na ce ina tsakar gida. Ya kau da kai.

A Amarawa mahaifinta ya saurare mu har ƙarshe, ya yi wa Yaya faɗan da ya dace da shi, don shi ma ya yi gaggawa. Sannan ya ce in shiga in ba ta haƙuri da kaina. Na same ta zaune bakin ɗakin mahaifiyarta tana tsince wake. Na durƙusa na fara kame-kame, ta katse ni.

"Na sani tun ran nan. Mace ba ta naɗe zane haka, kamar tabarma. Kuma kai ɗai ka shiga ɗakina."

Na ce, "To mi ya hana ki hwaɗi?"

"In hwaɗi a ce na laƙa ma ɗan mutane don in tsira? Wa ka yarda da ni?" Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Zane ba komi na ba, da ka roƙa da na ba ka. Na dube ka ran nan, ina jiran ka buɗa baki. Ka sa kai cikin hura."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bayan mako guda ta dawo ɗakinta, ta haihu lafiya, sun yi zamansu har tsufa. Samarin gari sun yi mini waƙa na 'yan watanni, suka gaji suka bari. Ashe abin da na ji tsoro bai fi haka ba.

Na yi shekaru ina koyarwa, kuma duk yaron da ya yi ɓarna ya zo ya faɗa da kansa ban taɓa dukansa ba. Wanda nake tsananta wa shi ne wanda ya zauna yana kallo ana hukunta wani a kan laifinsa, don na san shi, na taɓa zama a inda yake zaune. Kuskure kowa na yi, kuma sau da yawa kalma biyu ke gyara shi in an faɗe su a kan lokaci. Ni na riƙe nawa kwana uku don in tsare mutuncina, baiwar Allah tana can tana biya da nata. Ta yafe mini tun ranar, ni ne dai har yau ban gama yafe wa kaina ba.