Kwamfutar da ba ma kashewa a Maamobi

Shekarun baya, lokacin da dumso ta addabi Accra, wuta ta zo ta tafi yadda ta ga dama, ni da abokina muna kula da babbar kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Maamobi. Duk bayanan marasa lafiya a cikinta suke. Tsohuwa ce, ta hannu, kuma tana da hali ɗaya: in ta mutu, sai an yi ta lallashi kafin ta tashi. Shi ya sa ba ma kashe ta. Batir ɗinta ma ya fi mu samun kulawa.

Mai asibitin, wani Alhaji, ya ɗauki kamfani a cikin gari yana sa mata ido daga nesa. Duk manhajar da ta buɗe sai kwamfutar ta auna ta, ta rubuta a rajista, sannan wani ɗan guntun na'ura da ke jikinta ya riƙe jimillar awon. Kamfanin yana gwada rajistar da jimillar. In sun yi daidai, babu wanda ya yi mata katsalandan.

Da lokacin sabunta kanel ya yi, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da komai, sai abokina ya ce, "Chale, in mun kashe wannan abu ba zai tashi ba koraa. Bari tsohon kanel shi tada sabon."

Haka aka yi, ko fankarta ba ta tsaya ba. Ni da nake ji da kaina har na tafa masa, muka fita cin waakye muna yabon kanmu.

Ashe tsohon kanel ya tafi da rajistarsa. Sabon ya buɗe tasa daga fari, guntun kuwa yana riƙe da jimillar tun daga farko, tunda ba a kashe ba. Lissafi ya ƙi haɗuwa. Kamfanin ya kira Alhaji ya ce akwai giɓi, ba za su iya rantsewa ba a taɓa kwamfutar ba. Kuma a makon ne labarin ciwon da wata baiwar Allah mai zuwa asibitin take ɓoyewa ya bazu a unguwa. A Zongo, inda kowa ya san kakar kowa, nan da nan aka haɗa biyun. Abokina ne ya danna maɓallin sabuntawar, don haka sunansa aka kama.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na yi wa Alhaji, na yi wa dattawan da aka tara a ƙofar masallaci, na sake yi wa Alhaji. Ya saurare ni, ya ce, "Yarona, na ji. To nuna mini inda aka rubuta bai taɓa ba."

Babu. Abin da zai wanke shi, shi ne abin da ya ɓace. Na gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ba a kore shi ba. Mabuɗin ɗakin kwamfutar kawai aka karɓa, aka daina amsa gaisuwarsa da fara'a. Da kansa ya tattara ya koma gyaran waya a wani shago a Kawukudi. Mahaifiyata ma, da take ƙaunarsa, ta ce mini, "Ka ɗan rage zama da shi tukuna, mutane na magana."

Bayan shekaru, ina sabunta wata kwamfutar a wani wurin aiki, sai na ga an kawo gyara ga irin matsalarmu. Yanzu tsohon kanel yana keɓe ɗan wuri a ƙwaƙwalwa, ya ajiye rajistar, sabon ya ɗauka ya ci gaba. Na gwada, lissafi ya haɗu tsaf. Maimakon murna, haushi ne ya kama ni, don ƙanƙantar abin.

Tun daga nan ba na barin wani kanel ya tada wani sai na ga rajista ta ƙetare da idona. Abokan aiki suna min tsiya wai na cika tsoro. Na yarda, matsoraci ne ni.

Ranar da na ga gyaran, na hau trotro zuwa shagon abokina, na nuna masa a waya. Ya karanta a hankali, ya miƙo min, ya koma kan wayar da yake buɗewa.

"Ya yi kyau paa," ya ce. "Amma Alhaji ya rasu, matar nan mai ciwon ta bar unguwa. Yanzu wa zan nuna ma?"