Shekarar da Ɗan'azumi Ya Yi Tattalin Ido

Duk wanda ya zauna a Yakasai ya san Ɗan'azumi Mai Fenti ba ya sakin mutum sai ya auna shi. Kana yi masa sallama zai amsa da gefen baki, ya kanne ido ɗaya, ya miƙo hannu, ya ɗaga babban yatsa yana saita shi da hancinka, kamar kai ne allon shagon da aka ba shi ya rubuta. In ya gama sai ka ji sakamako: "Malam, kafaɗarka ta hagu ta fi ta dama sauka." Liman ma bai tsira ba. Ni kuwa Habu, taubashinsa, ɗan kawunsa, shekara da shekaru amsata ɗaya ce: "Ƙeyar nan taka har yanzu ba ta shiga layi ba."

Ba shi da ubangida, ba shi da shago. Jakar buroshi ce da gwangwanayen fenti, inda aka kira shi nan ne ofis. Rabin allunan da ke tsakanin unguwarmu da Ƙofar Nassarawa rubutunsa ne. To, labarin da 'ya'yansa suka ce in ba ku shi ne na shekarar da soja suka tattara suka koma bariki, domin ni na tuƙa shi a tsohuwar Fijona daga farkonta har ƙarshe.

Abin ya fara ne a wajen likitan ido. Ni na ja shi da ƙyar, bayan ya yi karo da akuyar maƙwabta sau biyu a lungu ɗaya. Likita ya zaunar da shi, ya nuna masa allon haruffa, ya ce ya karanta layin ƙasa. Ɗan'azumi ya duba, ya yi tsaki.

"Likita, wa ya rubuta maka wannan? An cuce ka. Gefensa duk ya dusashe. Ka bari gobe in zo in gyara maka."

Likita ya ce, "Malam, allon lafiyarsa lau."

Hawan jinin ido ne, ya riga ya ci jijiya. Aka ce a yi ta ɗiga magani, amma abin da ya rage bai fi na shekara guda ba. Ni na fito, wallahi har na fara hawaye. Mutumin da ido ne jarinsa! Shi ko ya shiga mota ya gyara zama.

"Kukan me kake yi, naka aka ce? Tayar da mota. Kayan da ya kusa ƙarewa ai tattalinsa ake yi."

Ashe da gaske yake. Daga ranar ya sa wa idonsa doka. Muna hawa titi zai lumshe, ya ce in an zo abin kallo in taɓa shi. In na yi masa magana sai ya amsa ido a rufe. Na ce, "Haba Ɗan'azumi, ka dube ni mana, da mutum kake magana." Ya ce, "Na san ka. Ba zan ɓarnatar da ragowar idona a kan fuskar da na haddace ba."

Lokacin da siyasa ta buɗe, kowane ɗan takara so yake a ga fuskarsa a bango. Muka yi ta bin garuruwa, yau Gusau, jibi Bauchi, muna kwana inda rana ta faɗi. A wani gari aka ba shi aikin da ya fi kowanne girma a rayuwarsa, bangon wani sito sukutum, a zana wani Alhaji mai neman kujerar shugaban ƙaramar hukuma. Siririn mutum ne, kamar a busa shi ya faɗi. Kwana shida Ɗan'azumi na kan tsani, ni ina riƙe ina salati. Ranar da aka gama Alhaji ya zo da jama'arsa. Fuska ta fito sak, har ɗan gibinsa. Amma daga ƙirji zuwa ƙasa, tumbi ne kamar an kifa tukunyar biki.

Alhaji ya ce, "Malam mai fenti, wannan cikin fa? Ni ina na ajiye shi?"

"Ranka ya daɗe, na bayan zaɓe ne. Na sa maka tun yanzu, don lokacin da zai fito ba ni da idon dawowa in ƙara."

Na fara laluben makullin mota, na ce yau mun sha duka. Sai Alhaji ya riƙe ciki yana dariya, ya ce ai wannan fata nagari ne, a bar masa kayansa. Ya kuma ci zaɓen. Waɗanda suka bi ta garin daga baya sun ce mutum da bango sun daidaita.

Ana rantsar da farar hula sai ya ce shi teku zai gani, bai taɓa gani ba. Legas fa, a Fijon da in ta hau tudu sai an lallashe ta! Kwana biyu muna tafiya, sau uku taya na fashewa, shi yana kishingiɗe ido a rufe kamar mai gidan mota. Muka isa bakin ruwa da hantsi. Na taɓa shi, ya fito, ya buɗe ido. Bai ɗaga yatsa ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Tabarakallah. Shekara arba'in ina haɗa shuɗi, ashe wasan yara nake." Ya juya ya shige mota ya rufe ƙofa.

"Mu tafi."

"Ina?"

"Kano mana. Ai na gani."

"Kai, Ɗan'azumi, ka ji tsoron Allah! Ko awa ɗaya ba mu yi ba!"

"In kana so ka tsaya ka ƙirga ruwan, bisimilla. Ni na zuba nawa a ciki, kada ya zube."

Har Ilori ban yi masa magana ba, shi kuwa ko a jikinsa.

A Zariya abin ya zo ƙarshe, wajen lokacin kaka. Wani tela a cikin birni ya ba shi allo ya rubuta. Ina zaune ina kallo, sai na ga buroshi ya wuce bakin allon ya hau bango, yana ta rubutu bai sani ba. Tela ya buɗe baki, na yi masa alama ya yi shiru. Amma Ɗan'azumi ya ji yadda buroshi ke tafiya ya canza. Ya tsaya. Ya shafa da hannu, ya gane. Ya ba tela haƙuri, ya wanke buroshin tas, ya sa a jaka. A ranar na ji tsoro ƙwarai, domin wannan mutum in ba aiki a hannunsa, zama zai yi a zaure har baƙin ciki ya kashe shi.

Muka jingina da wani tsohon soro muna jiran la'asar. Irin gidajen nan ne masu zanen laka a fuska, dagi da su takobi, duk sun fito tudu-tudu. Ina lura da hannunsa yana bin zanen a bayansa. Can sai ya miƙe ya juya, ya sa hannu biyu yana lalube.

"Habu, wanda ya yi dagin nan ya yi ha'inci. Nan igiyar ya kamata ta bi ta ƙasa, ya bi da ita ta sama."

Na duba, wallahi haka ne. Ku da kuka san gidansu kun san babansa magini ne, wannan ce sana'arsu, shi ne ya guje ta tun yana saurayi wai laka na ɓata riga. Ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun ranar likita, ya ce, "Tsoho ya yi nasara. Ya bar ni na gama yawona."

Da muka dawo ya raba gwangwanayensa, ya sa aka kwaɓa masa ƙasa da makuba. Ya ce a zaurena zai fara zanen laka, don in ya lalace ba a yi asarar gidan kirki ba. Sati uku yana yi da yatsu, lokacin ko rana tsaka duhu-duhu yake gani. Da ya sauko ya ce, "Ya ka gani?" Abin ya yi kyau ƙwarai, amma taubashi ba ya yabo. Na ce, "A karkace yake."

Ya shafa daga sama har ƙasa. "Zanena a miƙe yake. Gidanka ne a karkace."

Muka yi ta musu har aka kira magini ya saki igiyar awo. Jama'a, shekara talatin ina shiga zauren nan ban san ya kwanta gefe ba! Makaho ne ya gaya mini.

Daga nan aka yi ta kiransa, daga Dukawuya har bayan gari. Shekara tara ya yi yana wannan aiki, ya aurar da 'ya'yansa da shi, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Na gode wa Allah da Ya sa ni ne direban wannan shekara, ko da yake ya wahalar da ni da motata. Abin da ke sosa mini rai ɗaya ne: kowa a unguwar nan ya ga aikin da ya fi kyau a cikin ayyukansa, wato zanen zaurena, ban da shi.

Ya Allah, ga bawanka Ɗan'azumi, Ka karɓi idonsa bai yi ƙorafi ba. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka buɗe masa idanu a Aljanna, ya yi kallo iya son ransa ba tare da tsoron ƙarewa ba. Amin.