Tsummana da sabuwar motar tsere

"Ya sadik, lafiya?" Injiniyan wani kamfanin motoci ya tsaya a kaina, yana kirana aboki da Larabci. Motocin tsere uku aka ba ni in goge a wurin baje koli a Ulaya, amma na liƙe wa sabuwar motar kamfaninsu. Na ce a raina yau kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, zai ji labarina.

Na ce, "Wallahi mudir, shugaba, waɗancan biyun na abokan hamayyarku, tsummana maƙalewa yake a gefensu. Wannan kuwa daga hanci har fiffiken baya santsi ne, kamar bayan tarwaɗa."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Inda tsummanka ya maƙale, nan iska take maƙalewa."

Ashe hannuna ya yi karatu ban sani ba. Ku fa, me hannunku ya gano a wurin aiki?