Tiyatar da Na Ɗora wa Gwiwa

Shekarun baya, lokacin ina jan tasi a unguwar Bronx can ƙasar waje, zama ya fara gagarata. Na ce basir ne. Duk wanda ya dawo daga gida sai ya zo min da ƙullin magani, na sha saiwar da ta isa a dasa daji. Da jini ya ƙi tsayawa, matata ta tasa ni gaba sai asibiti. Aka zura kyamara inda ni kaina ban taɓa leƙawa ba. Likita ya ce ƙari ne a dubura, irin wanda ba kasafai ake gani ba, sai an yanke. Har ɗalibansa ya kira kallo.

Aka yi aiki lafiya. To, me zan ce wa mutanen masallaci? Na ce gwiwa ce.

Sai ga 'yan dubiya. Falo ya cika, ni kuwa ba damar zama. In jingina da bango, in leƙa taga, in zaga kicin, in dawo da ɗingishin ƙarya.

"Alhaji, zauna mana! Mai ciwon gwiwa da tsayuwa?"

"Likita ne ya ce in dinga motsa ta."

Wani dattijo ɗan Gana har durƙusawa ya yi, ya tofe lafiyayyar gwiwa da addu'a.

Da aka watse, abokina ɗan Nijar mai sayar da turare a titin Grand Concourse ya ƙi tafiya. Na lura a karkace yake zaune. Na san irin zaman nan.

"Alhaji," ya ce ƙasa-ƙasa, "akwai sauran maganin basir ɗin nan naka? Wata da watanni ina ganin jini."

Na zaga falon, na sake zagawa. Mutumin nan bakinsa ya fi rediyo. In na faɗa masa, asirina ya tonu. In na miƙa masa ƙulli, wataƙila na taya shi haƙa kabari.

Na ce, "Kai, gwiwata ƙalau take. Tashi ka sa takalminka, mu tafi asibiti."

Ciwon nasa ba irin nawa ba ne, amma likita ya ce da ya ƙara jinkiri, da aikin ya fi ƙarfin wuƙa.

Labarina kuwa kafin Juma'a ya kai har unguwar Port Richmond mai nisa. Har yau kunyar ba ta sake ni ba. Ina shiga masallaci wani zai turo min matashin zama yana ƙunshe dariya, in karɓa in zauna abina. Abokin nawa yana sahun gaba da ransa, kuma shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa.